Mai Jinyar Masu Jinya

Ƙarfe shida da rabi na safe take buɗe ɗan ofishinta da ke bayan ɗakin ba da magani. Ta goge kujeru biyu, ta zauna jiran ma'aikatan jinyar da suka kwana a tsaye su miƙa aiki. Shekara ashirin da biyu tana haka. Masaniyar lafiyar ƙwaƙwalwa ce, amma duk asibitin Anti ake ce mata.

Farkon zuwanta gudun ofishin ake yi. Kowa sai ya ce, "Ni ban zare ba." Sai ta koma tsayawa a bakin ƙofa tana tare su da gaisuwa: "Sannu da aiki. Yaushe rabonki da barcin kirki?"

Wadda ta fara shiga nas ce ta ɗakin yara, wadda ake kira Walƙiya saboda zafin namanta. Wani jariri ne ya rasu a hannunta. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mata, gabanta ba ya daina faɗuwa. Ta zo da takardar ajiye aiki a jaka.

"Anti, ni na kashe shi. Na gama amfani."

"Wa ya faɗa miki?"

"Zuciyata."

"To, zuciyar nan tana da shaidu? Zauna mu bincika."

Suka bi bayanan jinyar jaririn layi-layi, Walƙiya ta gani da idonta babu abin da ta rage. Mako goma tana zuwa. Ta koyi jan numfashi a hankali in fargaba ta taso, ta koyi rubuta mugun tunani ta yi masa tambayoyi har ya saki. Anti ta kira mijin Walƙiya ma.

"Maigida, wadda ta kwana kan 'ya'yan mutane, barcinta na rana ba lalaci ba ne. Ka ja mata labule, ka kwashe yara."

Ya yi dariya. "Wato ni ma na shiga layin marasa lafiya?"

"Kai ne na farko."

Da Anti ta ga masu zuwa sun yi yawa, kuma kukansu ɗaya ne, yawan aikin dare, sai ta tunkari shugaban asibiti. Sau uku yana sallamarta, a na huɗu ta ce, "Ranka ya daɗe, ko injin wuta ana kashe shi ya huce." Aka soke aikin dare na kwana bakwai a jere, aka mayar da shi uku.

Walƙiya ba ta miƙa takardar nan ba. Yau ita ce shugabar ɗakin yara, ita ke kamo hannun sababbin ma'aikata ta kai su wurin Anti su yi magana tun abin bai ci su ba.

Anti, ke ce inuwar masu ba da inuwa. Ke kika koya mana cewa gajiyar zuciya ciwo ce mai magani, ba abin kunya ba. A watan nan za ki yi ritaya, kin bar mutane a tsaye da ƙafafunsu. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Mu kuma sauran jama'a, in nas ta duba mu ta ce "Ya jiki?", mu amsa, sannan mu tambaye ta nata.