Uwar Ɓeraye da Ƙanwarta

A unguwa kowa Uwar Ɓeraye yake ce mata. Da farko tana ɓata rai, daga baya ta koma amsawa. Aikinta a ɗakin ƙasa ne na wata cibiyar binciken magunguna, ɗaki marar taga, fitila fara ƙal tun safe har a tashi. Kejin fararen ɓeraye ne jere a kan kantoci. Ita ke canja musu garin katako, ta cika kwalaben ruwa, ta wanke keji. Ko wanka biyu ta yi, Inna sai ta ce tana jin warinsu a gyalenta.

Masu binciken suna nazarin wata cuta da suke kira em-es. Garkuwar jiki ce take juyawa tana cinye rufin da ya lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙo ya daina isa hannu da ƙafa daidai. Su kuma maganin da zai sa rufin ya sake tofowa suke nema. Ta jima tana aikin kafin wannan cuta ta shigo har gidansu.

Ƙanwarta Auta ta kama, mai kitso. Da yatsu ya fara, suka mutu tana tsaka da yi wa wata kitso. Sai ido ɗaya ya dishe ya dawo, sai ƙafar hagu ta soma ja. Maganin asibiti ya rage tashin ciwon, amma abin da ya lalace bai gyaru ba. A saman bene suke haya, matakala ƙunci ga tsayi. A hankali Auta ta daina sauka, duniyarta ta koma gado, bayi da taga.

Wata rana suna cin abinci, Uwar Ɓeraye ta ba da labari don a yi dariya: ɓerayen da ke jan ƙafafun baya an gwada musu sabon magani, yau ɗaya har ya haye wayar keji. Ba wanda ya yi dariya. Inna ta tsame hannu daga kwano.

“To me kike jira?”

“Inna, na ɓera ne fa.”

“Ɓera ya fi ƙanwarki ne?”

Kafin mako ya zagayo zancen ya kai kunnen Kawu. Ya hau benen yana haki, ya ciro 'yar kwalbar turare wankakkiya ya ajiye wa Uwar Ɓeraye a cinya. “Ɗan ɗigo kawai,” in ji shi. “Wa zai ƙirga?”

Ta tafi da kwalbar wurin aiki. Ta tsaya gaban firjin magunguna har sanyi ya ratsa ta, sannan ta rufe, ta je ta sami shugabar binciken ta faɗa mata halin da ake ciki a gida. Dakta ta ja mata kujera.

“Ba ɓoye muku muke yi ba,” ta ce. “Ba mu san me zai yi wa hantar mutum ba. Magunguna da yawa sun ta da ɓera, da aka zo kan mutum suka kasa. Amma akwai wani da za a fara gwadawa a jikin mutane. Ki kawo ta a duba.”

Maƙwabta ne suka sauko da Auta a kan kujerar roba. Ta sha kwalliya, tana ta tsokanar su wai su bi da amarya a hankali. A asibitin sharaɗi ɗaya ya tare ta: sai wanda zai iya taka tsawon baranda ba tare da an riƙe shi ba. Auta ta saki bango, ta taka, ta taka, a tsakiya ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Ta tsaya tana kallon ta. Nas ta turo keke.

Aka komo gida ba a ɗauke ta ba. Tun ranar Kawu da ƙyar yake amsa gaisuwar Uwar Ɓeraye, a ganinsa da ta so da ta sa baki an ɗauki yarinyar.

Bayan nan wata ƙawar Uwar Ɓeraye ta samo mata aiki a ɗakin wanki na wani otal, wuri mai iska da rana, ba jan ƙafa, ba wari. Ta yi murna har ta kasa ɓoyewa. Auta ta saurare ta har ƙarshe.

“Allah ya sa alheri, Yaya,” ta ce. “Sai dai in kin bar can, wa zai dinga faɗa mini inda aka kwana?”

Washegari Uwar Ɓeraye ta ba ƙawar haƙuri.

Har yanzu tana can. Duk baƙon da ya zo dubiya, Inna takan ce masa magani na nan tafe, ai 'yarta na cikinsu. Ita kuwa takan sunkuyar da kai ta tashi ta ɗora ruwan shayi. Jiya da yamma ko takalmi ba ta cire ba Auta ta kira ta daga gado.

“Yaya, yau fa?”

“Sababbi aka kawo. Sai an sa musu ciwon tukuna kafin a fara ba su magani.”

“Allah sarki,” in ji Auta. “Zo ki juya ni, wannan gefen ya gaji.”