Wayar Bi Riziki a Teburin Fundi Pandu

Shekara tara muna haɗa bango ni da Pandu a kasuwar Darajani da ke Zanzibar. Ni ina sayar da rigunan waya da caja, shi yana gyara, shi ya sa kowa ke ce masa Fundi, wato gwanin gyara da Swahili. Mutum ne mai baƙin rai, in faɗi gaskiya. Cajata ta shilin dubu uku bai taɓa kiran ta caja ba, sai ya ce makashiyar batir, kuma a gaban mai saye yake faɗa. Na sha rantsewa na daina gaishe shi, washegari kuma ni ce mai miƙa masa shayi.

Dokarsa ɗaya ce, har ya rubuta ta a jikin kwali: wayar da ta sha ruwa kada a kunna ta, kada a sa ta caji. Masu tura waya cikin buhun shinkafa kuwa haushinsu yake ji kamar sun zage shi. Mutane na ɗauka iyayi ne. Ni na san ba haka ba ne. Kafin ya koyi sana'ar, wayar matarsa marigayiya ta faɗa a bokiti, ya yi maza ya kunna don ya ga ko tana aiki. Nan take ta ƙone, hotunanta da muryarta duk suka tafi a hannunsa.

Wata Talata da hantsi wata mata ta iso daga ƙauyen Jambiani, sunanta Bi Riziki, mai noman ciyawar teku, tana rungume da kwanon shinkafa. Ƙanin mijinta, Faki, na biye da ita. Shekaranjiya tana ɗaure ciyawa a ruwa wayarta ta zame daga ƙugunta ta faɗa teku. A ciki akwai saƙon murya da mijinta ya turo daga asibiti kafin ya cika, inda ya ce gonar kwakwar da ke ɗauke da sunansa ita ta saya da guminta. Dangi sun ce gado ce. Wayar mamacin kuwa, Faki ya riga ya goge ta. Mai unguwa ya sa zama bayan la'asar ɗin ranar, ya ce ko ta zo da muryar ko a raba.

Tana cikin yi wa Fundi bayani, Faki ya leƙo wajena.

"Yaya, ara mana caja mu gwada, ƙila batir ne kawai."

Ni kuma, sakarya, na miƙa. Saura kaɗan ya cusa Fundi ya fizge igiyar, har da ƙwale masa yatsa.

"Wa ya ce a sa ta a shinkafa?"

"Shi ne," in ji Bi Riziki, tana nuna Faki.

"Kin sa ta caji?"

"Ya ce in sa, sai aka ɗauke wuta."

"To ki gode wa masu ɗauke wuta, Mama. Shinkafa ba ta shan gishiri. Kwana biyu yana ciki yana cin wayar, ku kuna jiran ta dahu."

Ya ɓalle bayan wayar, ya cire batir, ya zaro koren allon nan na ciki. Gefensa duk ya yi fari-fari. Sai ya ɗauko robar tataccen ruwa ya tsoma shi ciki, ya shiga goga da buroshin haƙori. Bi Riziki ta dafe ƙirji. Faki ya samu abin da yake so, ya ɗaga murya har masu dabino suka juyo.

"Jama'a ku shaida. Ruwa ya ɓata waya, shi kuma yana ƙara mata ruwa. Gobe kada a ce mu muka lalata."

"Malam, in ka iya ga kujera," in ji Fundi, bai ko ɗago ba. "Gishirin nake wankewa."

Ya sake wankewa da sifirit, ya ajiye gaban ƙaramar fanka, ya ce sai bayan awa uku. Na duba agogo. Daga nan zuwa Jambiani awa ɗaya da rabi ne, in motar ta cika da wuri. Lissafin da ƙyar ya kai.

Aka yi azahar. Faki ya je ya dawo, ya je ya dawo, kowane zuwa da sabuwar magana: motar ƙarfe biyu za ta tashi, mai unguwa ba ya jira, a kunna mana a huta. Har Bi Riziki ta karaya.

"Fundi, don Allah gwada haka nan."

"Sau ɗaya za ta ba mu dama, Mama. In da sauran danshi, na kunna ta ƙone, ba wanda zai dawo miki da shi. Na san abin da nake faɗa."

Ta koma ta zauna. Motar ƙarfe biyu ta tafi ba su.

Biyu da rabi ya haɗa allon da wani gilashi na aro da sabon batir. Ya danna. Babu komai. Faki ya yi wata 'yar dariya ta hanci, na ji kamar in kwaɗa masa kwanon shinkafar. Can sai haske ya kawo. Fundi bai tsaya murna ba, ya nemo saƙon, ya tura wa wayata da tasa, ya kwafa a katin ajiya, sannan ya danna a ji.

Muryar ta fito a shaƙe, ta mai jinya. "Riziki, kin ci abinci kuwa? Na san ki, in ba na nan shayi kawai kike sha." Bayan haka ya yi maganar gonar tiryan-tiryan, har da sunan wanda ya sayar mata. Kafin a ƙare Faki ya sulale.

Na ce, "Bi Riziki, tashi, ki hau babur zuwa tasha, lokaci ya ƙure."

Ba ta motsa ba. Ta dubi Fundi ta ce, "Mayar min farkon."

Ya mayar mata sau uku. A na huɗu ya ɗora yatsanta a kan wurin dannawa, ya miƙe ya fita bayan rumfa, inda ba abin da ke wurin sai bango. Ni na raka ta tasha, kuma da na dawo bai riga ya shigo ba.