Tukunyar da Kika Bar wa Murdo

Da safiyar Talata, tara ga watan Satumba, ina shanya a bayan gida sai mijinki Murdo ya leƙo ta kan shingen da ya raba lambunanmu, hularsa a hannu. Shekara arba'in da ɗaya muna maƙwabtaka, ban taɓa ganin mutumin nan a waje ba hula a kansa ba. Ina ganin haka na gane. Elspeth Rennie, ƙawata, kin rasu a kan gadonki kina da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar wata bakwai.

Kowa a garin nan yana da abin da zai tuna ki da shi. Ni romon kazarki nake tunawa. Lokacin da na haifi tagwaye, mijina yana can teku, kika turo ƙofa da ƙafa ko sallama babu, tukunya a hannu, kika tsaya a kaina sai da na shanye kwano biyu. Da na warware na ce bari in rama alheri. Na dafa irinsa na kai miki, ashe ban tsaga lik ɗin ba kafin in wanke, albasar nan tamu mai dogon wuya da ke ɓoye ƙasa a cikin ganyenta. Kika kurɓa, kika tauna, kika dube ni.

"Ishbel, romo kika kawo mini ko bakin teku?"

Na yi kwana uku ina fushi, sannan na dawo kika koya mini. Tsohuwar kaza wadda ta daina ƙwai, ba budurwa ba. Ruwan sanyi, wuta kaɗan, a riƙa kwashe kumfa har ruwan ya yi garau. Farin lik ya shiga da wuri, koren sai an kusa saukewa, da 'yar shinkafa cikin tafin hannu. A ƙarshe busasshen fulam, baƙi mai zaƙi kamar dabino, ɗaya a kowane kwano.

Wannan fulam ɗin Murdo bai taɓa cinsa ba. Shekara hamsin da biyu yana ɗauke shi da cokali ya jefa a kwanonki, ke kuma kina sa masa, don kin ce romon da babu shi ruwan wanke kaza ne. Haka kuke da lik ma. Shi yake nomawa, amma guda shida mafi kyau na gasar amfanin gona ne da ake yi duk Satumba. Yana tara musu ƙasa, yana naɗe su da takarda, yana auna kaurinsu da zare. Ke sai karkatattu da masu tabo. Ban taɓa jin kin daina mita a kan haka ba.

A watan Fabrairu likita ya faɗa muku gaskiya. 'Yarku Kirsteen ta zo daga birnin Glasgow ta ce in ta Allah ta kasance za ta ɗauke babanta ya koma wajenta. Ban ga laifinta ba, domin Murdo ko ƙwai bai iya dafawa ba. Amma da ta fita kika kama hannuna kika ce, "In aka raba tsohon nan da lambunsa aka kai shi bene hawa na huɗu, ba zai ga baɗi ba." Daga baya kika sa Kirsteen ta yi alkawari: in har zai iya ciyar da kansa, a bar shi a gidansa.

Sai kika sa aka kai miki kujera kicin. Bargo a ƙafa, sanda a hannu, ta katanga nake jiyo ku kina koya masa romon.

"Tsaga shi tukuna, tsoho. Ba gasa za a kai shi ba, ba zai yi kuka ba."

"Ke dai kin samu bawa."

"Bawan da ya san aiki nake nema. Kwashe kumfar nan."

Ni aka ɗora wa ɗanɗanawa, kuma wallahi na sha wuya. Na farko ya ƙone. Na biyu ƙasa, kika ce ashe ciwon Ishbel yana yaɗuwa. Akwai ranar da ya zuba koren da farin gaba ɗaya, romon ya fito kamar ruwan kududdufi. Na ƙarshe da kika iya kurɓa, a watan Agusta, cokali ɗaya kika sha kika ce, "Da saura." Na ji tsoro ranar, Elspeth. Na ga kwanakinki sun fi koyonsa sauri.

An binne ki ranar Litinin, gasa kuma Asabar mai zuwa. Kamar yadda aka saba, daga maƙabarta kowa zai wuce zauren coci a sha romo da burodi da shayi. Matan coci suka ce za su dafa, Murdo ya ce a'a, shi zai dafa. Ran Lahadi da rana, ana gobe jana'iza, na gan shi ya durƙusa a lambu yana kwance takardun nan, ya tuge shidan duka. Na ce, "Murdo, na gasar ne fa." Ya ce, "Na sani. Ba ta taɓa samun ko ɗaya ba."

A zauren, Kirsteen ta zauna kusa da ni. Motarta na waje cike da kwalayen da za a kwashe kayansa. Ta ɗebi romon ta duba, garau, koren yana nan da korensa. Ta sha, ta sake sha, ta rufe bakinta da hannu.

Murdo kuma ya ɗebo fulam ɗin kwanonsa da cokali, hannunsa ya nufi dama kamar kullum, ya tsaya a iska. Babu kwano a wurin. Ya daɗe a haka, sannan ya kai bakinsa, ya tauna, ya yamutsa fuska.

"Har yanzu ba daɗi," in ji shi.

Kirsteen ta yi dariya tana hawaye. "Baba, in na zo ranar Juma'a za ka dafa mini wani?"

"Ki taho da tsohuwar kaza. Kar ki yarda su ba ki budurwa."

Da kwalayenta ta koma, ba komai a ciki.

Allah ya jiƙanki, Elspeth, ya yafe miki kurakuranki, ya saka miki da alherin kowace tukunya da kika shiga da ita gidan wani. Ya ba Murdo da Kirsteen da jikokinki haƙurin rashinki, mu ma ya sa mu cika da kyau. Ina kewarki ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma ki kwanta da hankalinki: yau da rana na ga tururi a tagar kicin ɗinki, kuma ya riga ya fara gyaran kunyoyin lik na baɗi.