Sunan 'Yar Fari

Shekararmu ta huɗu a birnin Greensboro na Amurka, ba abin da na fi tunawa da shi kamar gajiya. Maigidana yana karatun digiri na uku, ya fita da sassafe ya dawo da ido jawur. Ni kuwa sharar gidajen masu hali nake yi a unguwar Sedgefield. Bas biyu nake shiga daga unguwarmu Glenwood, in sauka a babbar tashar cikin gari in canja, na biyun ya ajiye ni nesa in ƙarasa da ƙafa. Ga sanyin Janairu mai shiga har cikin haƙori.

'Ya'yanmu biyu ne a lokacin, duk mata. Babbar tana aji biyar, ƙaramar ba ta fara makaranta ba. Wata rana babbar ta dawo ta miƙo mini takarda, ta ce da Turanci, don da shi take amsa mini komai, malamarsu tana son ganina.

"Me kika yi?"

"Ba komai. Gasa na ci."

Ashe duk shekara hukumar makarantun gundumar takan sa yara gasar rubutu, albarkacin ranar hutun tunawa da jagoran gwagwarmayar baƙaƙen fata. A wannan karon an ce su yi rubutu a kan adalci. Nata ne aka zaɓa daga makarantarsu, za ta karanta a gaban taro, amma sai iyaye sun sa hannu. Na ce to, sa hannu kawai ai ba sai an tayar da ni daga wurin aiki ba. Haka dai na tafi ina mita har ƙofar ajin.

Malamar dattijuwa ce, baƙar fata, mai furfura da tabarau. Ta ba ni kujerar yara na zauna gwiwoyina a ƙirji. Ta ce yawancin 'yan ajin sun yi rubutu ne a kan kantin nan na titin Elm, inda a da wasu ɗalibai baƙaƙe suka zauna a teburin cin abinci suka ƙi tashi sai an sayar musu kamar kowa. 'Yata kuwa wani abu daban ta rubuta, kuma ita ba za ta bari a karanta shi a fili ba sai na ji da kunnena.

Ta karanta a hankali saboda Turancina. A rubutun, yarinyar ta ce adalci shi ne a kira kowa da sunansa. Ta ce mamarta tana kiran ƙanwarta da suna sau ɗari a rana, tana ɗora ta a cinya, amma ita tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin mamarta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ta ce ta daɗe tana binciken laifin da ta yi ba ta gano ba. Ta ce ba ta fushi, tana dai so ta sani.

Wallahi kunya ce ta fara kama ni, sannan haushi ya biyo. Ni za a tona wa asiri a gaban Amurkawa? Na gyara zama na yi wa malamar bayani: a wurinmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kunya ce da kara, ba ƙiyayya ba. Ni ma 'yar fari ce, uwata har ta koma ga Allah ba ta ambaci sunana ba, kuma ban taɓa shakkar ƙaunarta ba ko na rana ɗaya.

Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Na fahimta. Ita kin taɓa gaya mata?"

Na karɓi takardar amincewar na cusa a jaka ba tare da na sa hannu ba.

A gida na same ta tana cin burodi a tsaye. Ko mayafi ban cire ba na hau ta da faɗa.

"Ke! Duk zaluncin da ke ƙasar nan ba ki ga wanda za ki rubuta ba sai ni? Ni da nake wanke ban-ɗakin wasu don ki ci ki yi karatu? Haba!"

Da na huce kaɗan na zaunar da ita, na maimaita mata abin da na gaya wa malamar, har da labarin uwata. Tana ta kallon burodin hannunta.

"To ke wa yake kiran sunanki, Mama?"

"Kowa mana. Kakata, wadda ta yaye ni, ta ɗauke ni na yi shekara uku a ɗakinta. Goggonnina, innoni, matan gida duka. Har waƙa suke yi mini da shi."

"Ni ba ni da su," in ji ta. "Baba ma Yaya yake ce mini."

Shi ke nan abin da ta faɗa, ta tashi ta wanke kofinta. Ni kuwa na kasa tashi. Na ɗauko kunyar tun daga Kano na tsallako teku da ita, na baro mutanen da suke cike gurbin a can. Shekara huɗu yarinyar nan tana jin sunanta a bakin malamai da direban bas ɗin makaranta kaɗai, ban lura ba. Gajiya ce, ko rashin tunani, oho. Na ciro takardar na sa hannu. Da maigidan ya dawo na gaya masa, ya yi salati, ya ce Allah ya kyauta, ya koma kan littattafansa.

Saura mako guda a yi taron, na ce bari in koya wa bakina. A gidan da nake shara, idan na kunna injin zuƙe ƙura ba mai jina, sai in gwada. Abin dariya, mace da girmanta tana raɗa wa kafet sunan 'yarta. Harafin farko yakan fito, sauran ya maƙale, in ji kamar uwata tana tsaye a bayana. A gida kuwa da na buɗe baki sai "ke" ta riga fita. Kwana bakwai cur ban iya ba.

Ranar taron a ɗakin wasannin wata makaranta aka yi. Na ci kwalliya da atamfa, na ɗora ƙatuwar rigar sanyi a kai, na riƙo ƙaramar. Duk yaron da aka kira, iyayensa sai su miƙe suna ihu da sunansa. Da aka zo kanta na yi tafi kawai. Ta karanta ba gargada, muryarta ba ta yi rawa ba. Mutane suka riƙa waige-waige suna neman wace uwa ce wannan, ga ni kuwa ni kaɗai ce mai ɗankwali a wurin. Na sunkuyar da kai har ta sauka. Ba ita ta zo ta ɗaya ba, takardar yabo aka ba ta.

Da aka tashi jama'a suka cunkushe a bakin ƙofa. Na hango ta can gaba, mutane suna tura ta waje wajen motoci, tana ɗaga kai tana nemana. Na ce "Ke!" Hayaniya ta haɗiye. Na sake, a banza. A ɗakin nan kowace yarinya "ke" ce. Na ja numfashi, na kira sunanta da ƙarfi, cikakke, yadda aka raɗa mata shi ranar suna.

Ta juyo nan take. Idonta ya zo kaina, ya wuce. Ta duba wajen malamarta, ta duba wajen ƙawayenta, tana neman wanda ya kira ta. Ina tsaye taku goma tsakaninmu, hannuna a sama, bai ko zo mata a rai ba cewa ni ce.

Sai da na sake kira.