Jawabin Ɗiyar Fari a Gindin Darbejiya

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da Ya ba ɗan Adam harshe kuma Ya nuna masa amfaninsa.

A wajenmu, ƙasar Wurno, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya kuma zaman hira da shi. Haka na tarar, haka na bi. Ɗiyata ta fari ta girma a gabana, ina jin tarinta in ta yi mura, ina lura in takalminta ya tsinke, amma magana tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa. In ina da saƙo sai in ba Inna, mahaifiyata, ita ta isar, sau da yawa da ƙarin gishirinta.

Shekarar da za ta rubuta jarrabawar gama sakandare, Turanci ne ya tsaya mata a wuya, musamman rubutun da ake so ɗalibi ya ɗauki ra'ayi ɗaya ya shawo kan mai karatu. Sai ta aiko Inna ta roƙe ni in bar ta ta koma Goronyo wajen gwaggonta, ƙanwata, har a gama jarrabawa, don akwai wata tsohuwar malama a unguwarsu da ke koya wa 'yan mata Turanci da yamma. Na ce a'a. Lokacin cirar albasa ne, uwarta tana jego, kuma yarinyar ce mai dafa abincin 'yan aiki a kai fadama. Ban da haka ni karatuna na allo da littattafai ne, rubutuna ajami, a ganina duk inda mutum ya shimfiɗa tabarma nan ne makaranta. Da Inna ta kai mata amsa sai ta ci gaba da aikinta.

Wata rana bayan la'asar ina zaune gindin darbejiyar tsakar gida ina duba wani littafi, sai ga Inna da kujerarta, yarinyar tana biye.

“Malaminsu ya ce su samu mutum su yi mai jawabi da Turanci,” in ji Inna. “Kullum ni aka yi ma, kunnena ya gaji. Yau kai za a yi ma.”

“Inna, ni mi na sani ga Turanci?”

“Ni da anka daɗe ana yi ma, mi na sani? Zama kawai za ka yi, awa turmi.”

Na rufe littafi. Yarinyar ta tsaya, ta gyara hijabi, ta fara. Abin da ya fara ba ni mamaki, kallona take yi. Tunda ta yi wayo ban taɓa ganin ƙwayar idonta haka ba, sai ka ce Turancin wani labule ne da ta shiga bayansa. Ban gane kalma ko ɗaya ba, amma wanda ya daɗe a gaban malamai ya san tafiyar magana. Na ji ta kawo wani zance a hankali kamar mai girmama shi, ta ɗan tsaya, sannan ta ɗaga murya ta ba shi amsa. Cikin wannan ruwan Turanci kuma sai kunnena ya riƙa tsinto Goronyo, Goronyo.

Da ta gama na juya wajen Inna. “Tambaye ta, mi ya kawo Goronyo cikin karatun jarrabawa?”

Inna ta juya kamar yarinyar tana wani gari. “Ke, 'yar boko, an ce mi ya kawo Goronyo?”

Nan take idon ya koma ƙasa, muryar ta ƙanƙance. Inna take yi wa magana, ni nake saurare. Ta ce malaminsu ya gano ciwon rubutunta: ba ta iya tsayawa a gefe ɗaya. Kowa ya kawo hujja sai ta yarda da shi, a ƙarshe ta rubuta cewa manya sun fi sani. Shi ne ya ce ta zaɓi abin da take so da gaske ta gwada a kansa, kuma kafin ta kawo nata dalili ta fara faɗin na mai ƙi, ta faɗe shi da kyau har shi kansa ya yarda ba a rage masa komai ba.

Na ce, “To, ta faɗi na mai ƙin mu ji.”

Ta faɗi na albasa da na jego, ta faɗi na tabarma, yadda na faɗe su. Sai ta ƙara da cewa Baba ba ya son a ce ya ɗora wa ƙanwarsa nauyi a gidan miji. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna, alhali shi ne ya fi sauran nauyi a zuciyata. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, ashe duk shekarun nan da nake lura da ita daga nesa ita ma tana lura da ni.

Amsoshin ba ta yi gaggawa da su ba. Abincin fadama, ta riga ta yi magana da ɗiyar baffanta, ta yarda za ta riƙe tukunya. Gwaggo kuwa ita da kanta ta kira Inna a waya tana cewa ɗakinta ya yi mata girma tunda ta aurar da nata 'ya'yan, maigidanta ma ya ce a turo. Da ta zo kan na tabarma sai ta tsaya murza gefen hijabi.

“Ƙarasa mana,” in ji Inna. “Da Turanci ba ki ji tsoro ba.”

“An ce an yi wani yaro a Marnona,” ta faɗa a hankali, “ya bar gero tsaye a gona ya tahi Wurno wajen wani malami don littafi guda. Kuma mahaifinsa bai hana shi ba.”

Na dubi Inna.

“Ni na ba ta labarin, sai mi?” in ji ta. “Kai kuka ka yi kahin a bar ka, har da birgima. Ita ko Turanci ta yi. Wa ya hi wani?”

Yarinyar ta toshe baki da hijabi ta ruga ɗaki. Ni ma dariyar ta so ƙwace mini, sai na tashi neman buta, don rana ta yi ƙasa.

Ban ba da amsa nan take ba. Na je masallaci, na roƙi Allah zaɓin alheri, a hanyar dawowa na biya gidan ƙanena na ji daga bakinsa cewa ɗiyarsa ta amsa da gaske. Washegari bayan sallar asuba na ce wa Inna ta gaya wa mutuniyarta ta haɗa kayanta. Ƙanen nawa ne ya kai ta a babur, da buhun albasa ɗaure a baya na gwaggonta.

Ɗiyar baffan ta yi iya ƙoƙarinta, amma tuwonta gudaji gare shi, miyarta kuma wata rana gishiri ya yi yawa, wata rana babu. 'Yan aiki suka yi ta mita har aka gama cira, ni kuwa na ci nawa ban ce uffan ba, tunda da yardata aka yi. Albasa ta shiga rumbu lafiya. Da sakamako ya fito, bayan damina ta yi nisa, ɗiyata ta ci Turancin, kuma malamar Goronyo ta aiko a gaya mini in bar ta ta ci gaba da karatu. Wannan karon ban jira an tsaya a gabana ba. Alhamdu lillahi.