Dakalin da Yaya Mudi Ya Rushe

Shekara bakwai ke nan da ranar da nake rumfata ina auna wa wata mata gero, maƙwabcinmu ya zo ya tsaya a kaina. Da na ɗago, sai ya ce in ɗaure buhun mu tafi gida. A nan na san Yaya Mudi ya rasu. Allah Ya jiƙansa.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da shi. Ɗinkin hula ne sana'arsa, bai taɓa aikin asibiti ba. Abin da ya dame shi shi ne yadda tsofaffinmu a Ƙofar Kuyambana ke ƙarewa a ɗaki, alhali asibiti ba shi da nisa. Lungunmu matsattse ne, ko keke mai ƙafa uku ba ya shiga. Wanda ƙafa ta gaza, sai a kwantar da shi a tabarma, maza su kama gefe-gefe su kai shi bakin titi. Tsofaffi kuwa ba sa yarda, domin gawa ake fitarwa a haka.

Gwaggo Ladi, yayar mahaifinmu, cewa ta yi, "Ba mai ratsa lungu da ni a kwance, mutane su fara salati ina jin su." Ta zauna da ciwonta har ya ci ƙarfinta.

Bayan sadakar bakwai ɗinta, Yaya ya ɗauko diga ya rushe dakalin ƙofar gidanmu, inda mahaifinmu ya shekara da shekaru yana ba da karatu. An yi ta surutu. Wani abokinsa ya ce, "Mudi, hular ce ta daina fita ka koma rusau?" Dariya kawai Yaya ya yi. Daga nan ya shiga bin zaure-zaure bayan la'asar, yana roƙon taku ɗaya don keke ya samu shiga: wannan ya rage dakali, wancan ya ja matakala ciki. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. In an hana shi, sai ya yi godiya ya dawo bayan salla.

Yau keke na shigowa fiye da rabin lungun. Nakan ga tsohuwa ta fito daga zaure ta hau a zaune, da mayafinta, tana amsa gaisuwa. Na san da yana nan zai ji daɗi. Na kuma san zai tambayi dalilin da sababbin asibitoci duk suke can bakin manyan tituna, sai ka ce a cikin ganuwa ba a tsufa.

Kwanar lungu ɗaya ce ta gagare shi, katangar wani gidan gado da magada suka kasa haɗa baki a kanta. Sashen mahaifiyarmu yana bayan wannan kwana. Bara gwiwoyinta suka daina ɗaukar ta, likita kuma yana son ganin ta duk wata. Ta ce ita ma ba za ta hau tabarma ba. Na je wurin magadan, sun karɓe ni da mutunci saboda Yaya, sun ce za su zauna su yi shawara. Har yanzu ba su zauna ba.