Butar Kaka da Makarantar Likitoci

A gidanmu babu wanda ya taɓa zargina da ƙoƙari. Sakamakona na sakandare ya fito yadda kowa ya zata: kimiyya ta yi mini kaca-kaca, lissafi kuwa ko gaisawa ba mu yi ba. Da ƙyar jami'a ta karɓe ni a fannin nazarin zamantakewa, na fito da irin digirin da idan aka tambaye ni matakinsa sai in ce alhamdu lillahi in canja zance. Na dawo unguwarmu Zango na zauna. Mahaifiyata, da muke kira Mma, tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Ta ce tunda zaman jama'a na karanta, to ga jama'a nan a layi, in zo in riƙa zuba musu koko.

Kakata ce ta raba ni da ludayin koko. Ita ke wanke gawar mata a unguwarmu tun kafin a aurar da Mma. Da gwiwoyinta suka fara ba ta wahala sai ta nemi mai riƙe mata buta, ta duba gidan kaf ta ga ni kaɗai ce ba ni da abin yi. Mata sun yi gunaguni, wai budurwa ba ta shiga ɗakin wanka. Kaka ta ce duk mai magana ta zo ta karɓi butar. Ba wadda ta zo.

Haka na koyi aikin. A dama ganyen magarya a ruwan ɗumi, a lulluɓe mamaciya da zane daga ƙirji zuwa gwiwa, a naɗe hannu da ƙyalle, a yi mata alwala, a fara da dama. Kafur sai a ruwan ƙarshe. Abin da ido ya gani a ɗakin, a ɗakin yake zama. Wata rana muna dawowa daga wata rasuwa a Oforikrom, cikin turoturo, motar hayar nan tamu da ake cusa mutane kamar buhunan albasa, Kaka ta juyo ta ce mini, "Ke za ki wanke ni. Uwarki kuka za ta tsaya yi, ruwan ya huce." Ta faɗi hakan yadda ake aiken mutum sayen gishiri. Ni kuwa a rayuwata ba a taɓa zaɓata a kan komai ba, ko shugabar masu shara a aji. Na ji daɗin maganar har na rasa inda zan sa kaina.

Matsalata bakina ne. Duk wadda muka wanke, muna fitowa sai in tambaya, "Kaka, me ya kashe ta?" Amsarta ɗaya ce kullum: "Kwana ya ƙare." Na yarda da wannan, amma mace mai jego da ƙafafunta suka kumbura kamar turmi, ko yarinya sa'ata da aka ce ciwon kai kawai ta kwana da shi, sai in ji amsar ba ta ishe ni ba. Da na dame ta wata rana ta ce, "In kina son sani ki je ki zama likita." Gatse ta yi mini. Ni da ba na gane gatse sai na ɗauka shawara ce.

Na bincika na ji akwai wata ƙofa da ake buɗe wa masu digiri su shiga karatun likita, ko da ba kimiyya suka karanta ba, in dai sun ci jarrabawar shiga. Da na faɗa a gida, kawuna mai gyaran mota a Suame ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ei! Ke? In na ga ke ce likita, wallahi zan ce na warke." Na koma ajin share fage tare da yaran da na girme nesa ba kusa ba, suna kirana anti, suna ba ni kujerar gaba don girmamawa, inda malami ya fi saurin ganin ban gane ba. Na zauna jarrabawar na faɗi. Na sake zama na sake faɗi, amma wannan karon faɗuwar mutunci, kusa da makin da ake nema. A zama na gaba aka kira ni ganawa, kuma har yau ina zaton wani ne ya fasa zuwa.

A ɗakin ganawar malamai ne jere a bayan dogon tebur. Wata farfesa mai furfura ta ɗaga sakamakona da yatsu biyu, ta dube shi, ta dube ni. Ta ce da Turanci, "Ba ki taɓa shiga ɗakin gwaji ba. A shekarar farko za mu tsayar da ke gaban gawa mu ba ki wuƙa. 'Yan kimiyya ma suna suma. Ke ya za ki yi?" Nan fa aka zo gidana. Na gyara zama na ce gawa ai abokiyar aikina ce. Na ba su labarin buta da magarya, da nauyin hannun mamaci idan ka ɗaga shi, da tambayar da nake yi wa Kaka da amsar da take ba ni. Ban faɗi sirrin kowa ba, amma na yi zuba. Da na fito ban san ko na burge su ba ne ko na tsorata su.

Suka ɗauke ni. Sunana ne na ƙarshe, amma a ciki yake.

Ranar da labari ya zo gidanmu ya cika. Mma ta raba masa sadaka, kawu ya ce shi dama ya san za a rina. Ni kuma na zauna tsakiyar tsakar gida ina maimaita ganawar, kowane zagaye ina ƙara gishiri. Har na miƙe ina kwaikwayon farfesa: "Za mu ba ki wuƙa ki yanka gawa!" Aka yi shewa. Kaka tana kan tabarmarta tana jan carbi. Sai na ga yatsunta sun tsaya.

"Wace gawa?" in ji ta.

Na ce ta koyo ce, Kaka, a kanta ake gane yadda jiki yake.

"Gawar mutum?"

Na ce e.

"Ɗan wa? Wa ya wanke shi? An yi masa salla?"

Duk shekarun da na yi ina haddar sunayen ƙasusuwa ban taɓa tambayar kaina ƙasusuwan wa ba. Na fara kame-kame, wai yawanci waɗanda ba a samu danginsu ba ne, wai malaman addini ma sun halatta don ceton rai. Kaka ta ce ita ba fatawa ta tambaye ni ba. Ta ce, "Karatu ki je ki yi, ban hana ki ba. Amma hannun da ya yanka bayin Allah ba zai zuba mini ruwa ba." Ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki.

Abin ya yi mini ciwo fiye da faɗuwa jarrabawa biyu. Ƙofar da na yi shekaru ina bugawa ta buɗe, ni kuma da bakina na rufe wadda aka buɗe mini kyauta. Kwanakin da suka rage kafin in tafi, an yi rasuwa a unguwa, Kaka ta kira wata maƙwabciya ta riƙe mata buta. Na leƙa ta taga na ga matar ta riƙe butar a karkace, na ji kamar in fita in ƙwace. Ranar tafiya na durƙusa na yi mata sallama. Allah ya kiyaye hanya kawai ta ce mini. Sai da na isa makaranta ina kwance kaya na tarar da farin zane a ƙasan jakata, irin wanda muke lulluɓe mamaciya da shi, yana ƙamshin kafur. Mma ta rantse ba ita ta sa ba.

Kafin ranar shiga ɗakin gawa na riga na cika 'yan ajinmu da baki. Yara ne masu manyan sakamako, sun fi ni komai, wannan kaɗai nake da shi, don haka na yi ta ba su shawara: ku ci abinci, kada ku kalli fuska, in jiri ya zo ku riƙe ni. Muka shiga. Warin maganin da ake adana gawa da shi ya daki idanuna. Aka yaye ledar teburinmu. Tsohuwa ce, 'yar ƙarama, da huda a kunne, kwance haka nan ba ko ƙyalle, mu kuma maza da mata mun kewaye ta. Na wanke mata da yawa amma ban taɓa ganin ko ɗaya a tsiraice ba. Ni, gwanar gawa, ni kaɗai ce na zube a ajin nan, kuma yaron da na ce ya riƙe ni in jiri ya kama shi, shi ya yi mini fifita da littafi.

Da na dawo hayyacina na nemi izinin malamin, na ɗauko zanen daga jakata. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in dai ba zai hana aiki ba. Na lulluɓe ta daga ƙirji zuwa gwiwa. Tun daga ranar, inda za mu yi aiki kaɗai muke buɗewa, in mun gama mu rufe. Na yi yankan, ba zan ɓoye ba, kuma na koyi abin da na je koya. Amma kullum sai na yi mata sallama a hankali, kuma da aka bar mini zaɓi, ta dama na fara.

Da hutu ya zo na koma Zango. Kaka ta ƙara tsufa. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama hannuwana ta juya su, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Mace ce ko namiji?"

Na ce mace, tsohuwa.

"Kin rufe ta?"

Na ce na rufe.

Ta sake duba hannuwan. Can ta ce, "To likita, me ya kashe ta?"

Wata da watanni na yi a kan matar nan. Na san jijiyoyin hannunta fiye da nawa. Amma abin da ya kashe ta sai a aji na gaba ake koyarwa, kuma ko sunanta ban sani ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Kwana ya ƙare, Kaka."

Ta yi dariya har da share hawaye. Sannan ta nuna bayan ƙofa da carbinta, inda butar take.

"Ɗauko butar ki wanke. Waccan maƙwabciyar duk jiƙa mini zane take yi. Ni in tawa ta zo, ruwan ya zama da ɗumi, kin ji ko? Ba na son sanyi."